Bakunan Ganyen Shayi

Shekara arba'in da ɗaya
kakata Ponnamma tana tsinkar shayi
a tsaunukan Siri Lanka,
inda gajimare ke saukowa kwari ya kwana.
Ganye biyu da toho. Ganye biyu da toho.
Yatsunta sun haddace, ido ba ya ko dubawa.
Igiyar kwando ta yi mata turba a goshi,
turbar da ko ranar hutu ba ta shafewa.

Malaminmu Selvaraja ya ara mini madubin likita,
tsohon na makaranta, mai ɓararren fenti.
Ya ce, "Kayal, Litinin ki dawo da shi.
In ya fashe, ke ma kar na gan ki."
Na rungumo shi cikin tawul kamar jinjiri.

Na shafa man farce marar launi a bayan ganye,
na jira ya bushe, na ɗaye da salatif.
Tantani ya fito, bai kai ɓawon albasa kauri ba.
Babu wuta a layinmu ran nan,
sai na kai shi bakin taga,
na yi ta juya ɗan madubin ƙasa
har ya cafko rana.

"Kaka, zo ki gani."
Ta ce, "Ganyen shayi za ki nuna mini? Ni?
Yau kuma kifi za a koya wa iyo?"
Ta dai goge hannu a gefen zane,
ta sunkuya,
ta rufe idon da ya kamata ta buɗe.
Muka yi dariya. Ta sake.

Sai shiru.
Shinkafa na tafasa a murhu, ba wanda ya kula.

Na san abin da take gani:
bakuna, bila adadin,
kowane da leɓɓa biyu kamar wake ya dubi wake,
wasu a buɗe, wasu sun yi gum,
kewaye da su katangu masu lanƙwasa
kamar lakar tafki in ta tsattsage.
Can gefe sawun gashi guda, fari fat,
ya gitta kamar hauren giwa a tsakar gari.

Na yanko wani da rezar Baba,
siriri har yana rawa a kan yatsa.
Wannan ɗakuna ne, jere bisa jere,
kowane ɗaki maƙil da koren duwatsun wuya
da ba a taɓa sa wa amarya ba.

"Bakunan nan, me suke yi?"
"Numfashi, Kaka."
"Dukansu?"
"Dukansu. Rana su buɗe, dare su rufe."

Ta ɗago. Bakin madubin ya bar zobe a idonta.
Ta dubi yatsunta da ruwan ganye ya rina,
ta daɗe tana duba.
"Ashe suna da baki," in ji ta.
"Shekara arba'in da ɗaya ina tsinka,
ko uffan."
Ta sauke tukunya, ƙasan shinkafa ya kama.
"Kamar mu a gaban sikeli."

Washegari raɓa ta yi yawa, matsattsaku ma.
Na hango ta daga hanyar famfo,
ta tsaya tsakiyar kore,
ta juya ganye ɗaya tana kallon bayansa,
ko da yake ido ba zai ga komai ba.
Sannan ta tsinka, a hankali,
kamar mai ɗaukar jariri daga barci.

Da yamma mai awo ya ɗaga gira:
kilo ɗaya da rabi ya ragu.
Ya rubuta. Ba ta tanka ba.

A gida ta kwance ƙullin bakin zanenta.
Ba kuɗi a ciki.
Gansakukar bangon rijiya,
garin fure rawaya a cikin takardar magani,
da wata ciyawa da ake takewa a ƙofar gida,
wadda ko suna ba mu san mata ba.

Ta ce, "Yau Asabar ko?
Matso da shi taga,
kafin rana ta faɗa bayan dutse."